Fitsarin kare da wayon masu haɗa magani

A Ostireliya akwai ma'aikacin da cikin aikinsa har da bin kare da wani ɗan ludayi mai dogon mariƙi yana jiran ya tsuguna ko ya ɗaga ƙafa ya tara. Ba wasa nake ba jama'a, biyansa ake yi, kuma abin da ya tara ɗin nan raba shi ake yi kwalba biyu, a liƙe, a manna lamba maimakon suna, a kai ɗakin gwaji inda inji ɗaya kuɗinsa ya isa a gina gida. Na san mutumin da ya taso da sanin cewa in kare ya sa baki a ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai zai ce wannan kuma wane irin rashin aikin yi ne. To kuɗi ne a wajen, masu yawa ma kuwa, kuma duk inda aka haɗa tsere da caca sai an samu mai son bi ta bayan gida.

Karen da ake magana a kai shi ne girehawun, siriri mai dogayen ƙafafu da faffaɗan ƙirji da tsukakken ciki, wanda ya taɓa ganin karnukan farautar Buzaye na yankin Azawak a Nijar da Mali ya san irin ƙirar. Gudunsa na kai kusan kilomita 70 a awa, tseren mita 500 da 'yan kai a kusan daƙiƙa 30 an gama, suna bin wani zomon ƙarya da inji ke ja a gefen fili. A Ingila da Ailan guda 6 ake saki lokaci ɗaya, a Ostireliya 8. Ingila tun 1926 suke yi, a filin Belle Vue na Manchesta aka fara, a Sidni kuma akwai gasar da tun 2018 wanda ya ci yake tafiya da dalar Ostireliya miliyan ɗaya cur. Tsere ne da tsakanin na ɗaya da na huɗu wani lokaci bai wuce tsawon jikin kare ɗaya ko biyu ba, ka ga kenan ɗan ƙarin tsoka a cinya ba ƙaramin abu ba ne a aljihun mai kare.

Abin da ke ƙara tsokar shi ne sitiroyid. Uban gidansu duka testostiron ne, sinadarin maza da jiki ke yi da kansa, ƙirarsa zobe huɗu ne na kabon a manne da juna, sauran 'yan uwan nasa irin su nandurolon da boldenon da sitanozolol duk wannan ƙashin bayan ne aka ɗan taɓa nan aka ɗan ƙara can. Waɗannan tsofaffin hannu ne, an san su, duk wani lab, wato ɗakin gwaji, na kirki zai kama su ido rufe. Matsalar tana wajen waɗanda aka ƙera musamman don kar a gane su, wato mai ilimin haɗa sinadarai ya zauna ya ɗauki sananne ya canza masa kusurwa ɗaya, aikin da yake yi a jiki yana nan daram amma a idon inji ya zama baƙo.

Sai ka fahimci yadda injin yake aiki sannan za ka ga inda ramin yake. Mutane da yawa suna zaton ana zuba fitsari ne inji ya karanto duk abin da ke ciki ya buga a takarda, ina, ba haka ba ne. Da farko ana tura samfurin ta cikin wani siririn bututu inda sinadarai ke warewa, kowanne da lokacin fitowarsa, daga nan su faɗa na'urar da ke auna nauyin ƙwayar sinadari, ta farfasa ta, ta auna gutsattsarin. Lokacin fitowa da nauyi da yanayin fashewa, su ne shaidar kowane magani. Amma gwajin yau da kullum, saboda ana son ya gano abu komai ƙanƙantarsa kuma samfura dubbai ne ke jiran layi, saita shi ake yi ya kalli wasu nauye-nauye da aka lissafa masa kawai. Kamar 'yan sanda ne a shingen hanya da aka ba su hotunan mutanen da ake nema, duk fuskar da ba ta cikin hotunan wucewa za ta yi ko da ita ce ta fasa banki, har ma a ce mata a sauka lafiya. Saboda haka in ka ji an ce an gwada kare an same shi fes, ma'anarta ba a ga abin da aka nema ba ne, iyakarta kenan.

Labarin da ya buɗe wa duniya ido a kan wannan ba na karnuka ba ne, na mutane ne. A watan Yuni 2003 wani kocin 'yan tsere a Amurka, Trevor Graham, ya aika wa hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta ƙasar wani sirinji da ɗan ragowar ruwa a ciki, ba tare da ya bayyana kansa ba a lokacin. Aka kai wa Don Catlin a jami'ar UCLA, shi da mutanensa suka duƙufa har suka gano wani sitiroyid ne da ba a taɓa gani ba, aka sa masa THG. Wani masanin sinadarai Patrick Arnold ne ya ƙera shi daga maganin jestirinon ta hanyar ƙara masa ƙwayar haidurojin huɗu kacal, kamfanin BALCO na Victor Conte yake rarraba wa 'yan wasa, kuma abin da ya ƙara ɓoye shi shi ne a tsarin gwajin wancan zamanin tarwatsewa yake yi kafin a kai ga ganinsa. Da Catlin ya gane ƙirarsa sai da ya haɗa nasa a lab, ya ba wa gwaggon biri, ya tara fitsarinsa ya ga yadda yake fitowa, sannan aka samu gwaji. Dwain Chambers na Birtaniya ya sha dakatarwar shekara 2, Marion Jones daga baya ta mayar da lambobinta 5 na gasar Olamfik ta Sidni 2000 har ta yi zaman gidan yari. Ni abin da nake so a lura da shi a labarin nan shi ne ba inji ne ya kama THG ba, gaba ce tsakanin mutane ta kawo sirinjin. Da Graham bai ji haushin wasu ba Allah kaɗai ya san shekara nawa za a ƙara.

Bayan BALCO abin bai mutu ba, kasuwa ma ya shiga. Mutane suka riƙa tono tsofaffin littattafan binciken kamfanonin magani na shekarun 1960, inda aka haɗa ɗaruruwan sitiroyid aka gwada a ɓera aka watsar, su ɗauko ɗaya su sa a kwalba su liƙa masa suna mai ban tsoro su ce ƙarin abinci ne na masu ɗaga ƙarfe. Norboleton da Catlin ya kama a 2002 irin wannan ne, kamfanin Wyeth ya yi shi tun wancan lokacin bai taɓa fitar da shi kasuwa ba. Har sai da Amurka ta yi doka ta musamman a kansu a 2014. Babu wanda ya ƙera su don kare fa, don samarin gidan motsa jiki aka yi su, amma duk mai katin banki da intanet zai iya oda, kuma mai horar da kare shi ma yana da katin banki.

To yanzu a ce lab ta samu kwalbar, ta san ƙirar maganin, shi kenan an gama? Ko kusa. Nan ne hanta take shigowa, kuma nan ne ni abin ya fi burge ni. Sitiroyid abu ne mai son maiƙo, ba ya narkewa a ruwa sosai, ƙoda kuma da ruwa take aiki, don haka jiki ba zai iya zubar da shi yadda ya shigo ba sai ya sarrafa shi tukuna. Hanta tana yin aikin hawa biyu. Hawa na farko wasu inzayim, wato sinadaran da jiki ke sarrafa abubuwa da su, yawancinsu dangin da ake kira CYP, su liƙa masa iskar oksijin a wata kusurwa, ko su cire haidurojin ko su ƙara. Hawa na biyu a ɗaura masa wani abu mai jan ruwa, ko dai gulukuronid wanda ɗan uwan sukari ne, ko salfet, sai ya zama abin da fitsari zai iya ɗauka. Magani ɗaya ya shiga, abu goma ko fiye su fito, kowanne da nauyinsa daban, shi kuwa ainihin maganin sau da yawa ɗan kaɗan ne yake fitowa yadda yake, wani lokaci ma babu shi sam bayan 'yan awoyi. Wanda ya tsaya neman abin da ke rubuce a jikin kwalba zai kwana bai ga komai ba, ɓurɓushin da hanta ta bari shi ake nema. A lab ma kafin a auna yawanci sai an kwance wannan ɗaurin na hawa na biyu da wani inzayim da ake samowa daga ƙwayar cutar E. coli ko daga cikin wata katantanwa ta Turai, eh katantanwa, haka ilimi yake.

Kuma hantar kare ba ta mutum ba ce, ba ta doki ba ce. Ɗauki sitanozolol, maganin da ya kayar da ɗan tseren Kanada Ben Johnson a Olamfik ta Seoul 1988. A mutum an san ɓurɓushinsa, oksijin na manne ne a kusurwar da ake kira 3' da kuma ta 16, a doki ma ta 16 ɗin ce ake bi. Da masu bincike a Ostireliya suka duba fitsarin girehawun sai suka tarar babban ɓurɓushin a kusurwa ta 6 yake, sun wallafa hakan a 2009 bayan sun haɗa shi da hannunsu sun tabbatar. Wato maganin da duniya ta fi sani kenan, shekara 20 bayan Ben Johnson, amma a jikin kare sai da aka sake karatu. Kai ko a cikin karnuka ma girehawun daban yake, likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa wasu alluran sa barci irin su tayofental suna daɗewa ba su sake shi ba, ana cewa don ba shi da kitse ne, daga baya masu bincike a jami'ar jihar Washington suka nuna cewa da yawansu hantarsu ba ta yin isasshen inzayim ɗin CYP2B11. Ka ga ko sakamakon da aka samu a wani irin kare ba lallai ya zauna daidai a kan wannan ba.

Saboda haka babu gajeriyar hanya, sai an ba karen maganin an gani. Ƙungiyar Malcolm McLeod a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera na cikin waɗanda suka daɗe a wannan aikin, tare da ɗakunan gwajin hukumomin tsere. Sun bi diddigin wani da ake sayarwa da sunan Furazadrol, da farko a dawaki sannan a karnukan girehawun, sun kuma bi wani mai suna Jungle Warfare, ka ji suna don Allah, wanda abin da ke cikinsa ɗan uwan metiltestostiron ne da aka ƙara wa mahaɗi guda tsakanin kabon biyu a zobe na biyu. Yadda irin wannan aiki yake tafiya, da farko sai an tantance mene ne a cikin kwalbar don abin da aka rubuta a jiki ba abin yarda ba ne, sau da yawa ƙarya ce ko kuskure. Sai a nemi izinin kwamitin da ke kula da haƙƙin dabbobin bincike, a ɗebi fitsarin kare kafin a ba shi komai don a samu abin kwatance, a ba shi maganin, sannan a yi ta tara fitsari awa bayan awa, kwana bayan kwana. A sa a injin da ke auna nauyi har zuwa lamba huɗu bayan ɗigo, a nemi duk wani abu da ya bayyana bayan shan magani wanda babu shi kafin nan. In nauyi ya ƙaru da kusan 16 to oksijin ɗaya aka manna, in da 176 ne gulukuronid ne, in da 80 ne salfet.

Amma inji zai gaya maka an manna oksijin ne kawai, ba zai gaya maka a wace kusurwa ba, ko ta sama ta kalla ko ta ƙasa, kuma kusurwoyin da yawa, duk nauyinsu ɗaya. A nan ne ake shan wahalar gaske, dole mai bincike ya koma teburinsa ya ƙera duk waɗanda yake zargi ɗaya bayan ɗaya, aikin da kan ci watanni, ya zuba kowanne a inji ya ga wanne ne ya fito a daidai lokacin da na cikin fitsari ya fito kuma ya fashe iri ɗaya. Wani zai ce wannan ai ƙaƙale ne, tunda an ga baƙon abu a fitsari ba sai a hukunta ba? A'a, domin mai karen lauya zai ɗauko, kuma tambayar farko da lauya zai yi ita ce da me kuka kwatanta. Ƙa'idar masu gwajin tsere ita ce ba a cewa an samu abu kaza sai an jera shi da sahihin samfuri an ga sun dace, ko wanda aka ƙera ko fitsarin dabbar da aka san an ba ta maganin, sannan kwalba ta biyu ma a buɗe ta tabbatar. Kuma gaskiya haka ya kamata, abincin mutum ake shirin taɓawa da mutuncinsa.

Akwai abin da ke ɗan damuna a nan, ba zan ɓoye ba. Don a kare karnuka daga maganin da ba a san illarsa ba, sai an ɗauki wasu karnukan an ɗura musu shi. Masu binciken ma sun san da wannan, shi ya sa ake ƙoƙarin rage yawan dabbobin, ana amfani da markaɗaɗɗiyar hanta a cikin kwalbar gwaji a zuba maganin a ga me inzayim za su yi da shi, wasu har da wani naman gwari mai suna Cunninghamella suke amfani don yana kwaikwayon aikin hanta. Yana taimakawa ƙwarai, musamman in sabon abu ya ɓullo ana gaggawa. Sai dai kwalba ba ta da hanji ba ta da ƙoda, ba za ta faɗa maka wane ɓurɓushi ne ya fi yawa a fitsari ba, balle wanda ya fi daɗewa.

Shi kuwa wanda ya fi daɗewa shi ne zinaren. Babban ɓurɓushi zai iya ɓacewa a kwana biyu, wani ɗan ƙarami da ba a kula da shi ba ya yi makonni yana ɗiga. Mun ga aikin wannan a wasannin mutane, wajen 2012 aka wallafa wasu ɓurɓusan wani sitiroyid mai suna turinabol masu daɗewa a jiki, kuma abin dariya daga lab ɗin Mosko na Grigory Rodchenkov binciken ya fito, mutumin da daga baya ya tona yadda Rasha ke maguɗi. Da kwamitin Olamfik ya ciro tsofaffin fitsarin Beijin 2008 da Landan 2012 daga firiza ya sake gwadawa, sama da 'yan wasa 100 suka faɗa. Ta haka ne tagullar 'yar Najeriya Blessing Okagbare ta dogon tsalle a Beijin ta koma azurfa bayan an ƙwace ta 'yar Rasha Tatyana Lebedeva a 2017.  Fitsarin bai canza ba tsawon shekarun nan, sanin abin da za a nema ne ya ƙaru.

Harkar karnuka tana da wani ƙulli nata da babu a ta mutane, wato karya. In karya ta shiga lokacin barbara ba ta tsere, kuma bayan nan ma takan yi makonni gudunta ya ja baya, mai ita kuwa asara yake gani. Don haka tun da daɗewa ake ba su magani ya hana zuwan lokacin, a Amurka testostiron ɗin kansa ko metiltestostiron aka saba ba su, a Birtaniya noretisteron aka yarda da shi, a Ostireliya kuma an halatta etilestirenol ta baki ga mata kawai. To shi etilestirenol ɗin nan sitiroyid ne mai gina jiki, yana cikin biyun da aka samu a dawakin tsere na bargar Godolphin a Newmarket ta Ingila a 2013 har aka kori mai horar da su Mahmood al-Zarooni na shekara 8. Abin da ya kori mutum daga sana'a a bargar dawaki, a ɗakin karnuka likita ne ke rubuta shi. Kenan lab ba wai kawai za ta ce akwai sitiroyid ko babu ba, sai ta san ɓurɓushin halattaccen sarai yadda za ta bambance shi da na 'yan uwansa na haram, don akwai waɗanda hanta ke mayarwa abubuwa masu kama da juna. Illar kuwa a jikin karya ba ɓoyayya ba ce in an yawaita masu ƙarfin, al'aurarta kan canza, faɗa ya ƙaru, waɗanda ake sha ta baki kuma da yawansu hanta suke ci.

Testostiron kuma jiki na yin nasa, ba za ka hukunta kare don an ga abin da Allah ya halicce shi da shi ba. Sai aka bi ta iyaka, a dokar Ostireliya akwai wani ɓurɓushinsa da in ya wuce nanogiram 10 a kowace mililita ta fitsarin karya an shiga laifi, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Kafin a tsayar da irin wannan lamba sai an auna karnuka masu yawan gaske an ga iyakar abin da jiki ke yi da kansa. Akwai kuma dabarar da aka fi amfani da ita a wasannin mutane, ta auna nau'in kabon, saboda testostiron na kamfani daga tsirrai ake ƙera shi irin su waken suya da wata doyar daji, kuma kabon mai nauyi na 13 da ke cikinsa bai kai na wanda jiki ya yi ba.

Sai kuma ɗaya gefen, inda ƙarfin injin ke zama matsala. A 2017 a Filorida an samu karnuka aƙalla 12 na mai horarwa ɗaya da alamar hodar iblis, kuma ko a nan ma ba hodar aka gani ba, ɓurɓushinta ne mai suna benzoyilekgonin. Duk lokacin da irin haka ta faru sai gardama ta tashi, ba shi aka yi ko daga hannun wani ma'aikaci mai sha ya lasa? Karnukan nan ɗanyen nama suke ci kilo-kilo, yawanci na dabbobin da ba su cancanci mutum ya ci ba, saniya ko dokin da aka yi wa allurai kafin ya mutu, maganin na nan a naman. Burodi mai 'ya'yan fofi, tsiron da ake samo maganin kashe zafi na mofin daga gare shi, na iya kawo mofin ɗin a fitsari, cakulan na kawo nasa. A dokar tsere dai mai horarwa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikin karensa ko ya sani ko bai sani ba, amma wajen yanke girman hukunci ana duba ta ina abin ya shigo, kuma nan ma ilimin ɓurɓushi na da amfani, don samun abin da hanta ta sarrafa na nuna maganin ya ratsa jikin karen ne, ba a kwalba ya faɗa ba. Kar kuma a manta ba kullum don gudu ake ba kare ƙwaya ba, wani don ya rage gudu ake ba shi, ya sha kaye sau biyu uku farashinsa a wajen 'yan caca ya tashi, ranar da aka shirya a sake shi garau.

Shi sitiroyid ba maganin ranar tsere ba ne, wannan ma wani ciwon kai ne. Ana ba da shi ne lokacin horo, a gina tsoka, a daina makonni kafin gasa, maganin ya fita tsokar ta zauna. Wani bincike da aka yi a Oslo a 2013 kan ɓeraye ya nuna waɗanda aka ba testostiron na ɗan lokaci, ko bayan wata uku da dainawa in aka sa su aiki tsokarsu ta fi saurin girma, wata uku kuwa a rayuwar ɓera ba kaɗan ba ne. Shi ya sa mai ludayi a bakin fili kaɗai bai wadatar ba, hukumomi kan kai samame gidajen karnuka ba sanarwa, ana kuma gwada gashi don wasu magungunan na maƙalewa a cikinsa su daɗe fiye da yadda suke yi a fitsari ko jini.

Ana ta ƙoƙarin fita daga wannan tsarin na sai an san abu kafin a neme shi. Sababbin injina na iya naɗe duk abin da suka gani a samfuri a ajiye a kwamfuta, in an gano sabon magani baɗi sai a koma a bincika tsohon fayil. Akwai kuma gwajin da ba ruwansa da ƙirar magani, ƙwayoyin halitta ne ko yis da aka sa musu makarɓar sinadarin maza, duk abin da ya taɓa ta sai su ba da haske, ko an san shi ko ba a sani ba. Dabara ce mai kyau amma ƙararrawa ce kawai, za ta ce akwai wani abu, ba za ta faɗi sunansa ba, kuma ba a hukunci da wani abu. Dole a dawo kan teburin mai ƙera ɓurɓushi.

In aka auna, mai haɗa sabon magani 'yan makonni yake buƙata da tsohon littafi, mai kama shi kuma shekara ɗaya ko biyu da kuɗin bincike da izinin kwamiti da ɗalibin digiri na uku da zai ƙarar da ƙuruciyarsa a kan fitsarin kare. Don haka ni in na ga hukumar tsere ta fito tana cewa cikin dubban samfuran da ta gwada 'yan ƙalilan ne suka faɗi, ba na cewa ƙarya take, amma tambayar da nake so a yi mata ita ce sunaye nawa ne a jerin da injinta ke dubawa, yaushe rabon da a ƙara sabo, kuma samfura nawa aka ɗauka a gida ba a fili ba. Hukumar da ke biyan kuɗin gwajin ita ce dai ke cin moriyar a ce wasan tsaf yake, wannan kuwa ko a ina ne sai an sa ido.

Sana'ar ma kanta tana ta tsukewa, kuma ba ƙwaya ce babban dalili ba, raunuka ne da makomar karnukan da suka daina ci. A Ostireliya shirin talabijin na Four Corners na 2015 ya nuna ana horar da su da dabbobi masu rai, jihar New South Wales ta sanar da haramta tseren a Yulin 2016 ta janye a Oktoba. Mutanen Filorida sun kaɗa ƙuri'a a 2018, kashi 69 cikin ɗari suka ce a rufe, yanzu a duk Amurka filaye biyu suka rage a West Virginia. Gwamnatin Niyu Zilan ta sanar a Disamba 2024 cewa za ta kawo ƙarshensa, Wels ma ta bi sahu a 2025. Inda ya rage da ƙarfi Ostireliya ce da Ailan da Ingila, kuma a can ɗin ana ci gaba da aikin, Furazadrol da Jungle Warfare dai an san yadda suke fita daga jikin girehawun, sauran kwalaben da ke shagunan intanet kuma kowacce sai an saye ta, an buɗe, an ba kare, an jira.